Darasi na 7: An ce jini ya yi ƙasa, an kuma ce ƙarfe ya yi yawa

Duk mai ɗan sikila a gida ya san PCV, wato ma'aunin yawan jini a jiki, ko bai yi boko ba ya san in likita ya ce PCV ya faɗo 15 to maganar ledar jini ta taso. Inda ake rikicewa shi ne ranar da aka ƙara wani gwajin, rizal ya fito, likita ya ce sinadarin ƙarfe ya taru wa yaro a jiki, alhali ga idonsa fari fat. Sai uwa ta ce to likita wanne za mu kama, ba ƙarfen ne ke yin jinin ba?

Duka biyun gaskiya ne. Kowace ledar jini da aka ƙara wa mutum tana shiga da ƙarfe wajen miligiram 200 zuwa 250, shi kuwa jiki ba shi da wata ƙofar fitar da shi, abin da yake zubarwa a rana bai wuce miligiram 1 ko 2 ba. Jinin da aka ƙara zai yi 'yan makonni ya mutu, PCV ya sake sauka, amma ƙarfen yana nan daram, an kai shi ajiya a hanta, in ya yi yawa ya gangara zuciya da wurin da ke daidaita suga. Rumbu cike, tukunya ba komai, haka lamarin yake.

Gwajin da ke leƙa rumbun sunansa feritin, a takarda da r biyu ake rubuta shi. A gefen lambarka akwai wasu lambobi biyu, su ne iyakar lafiya, galibi daga 30 zuwa 300 ga namiji, mace ƙasa da haka, kuma kowane lab da tasa iyakar. In ka ga ng/mL a wata takarda, µg/L a wata, kar ka damu ma'auni ɗaya ne.

To a nan fa sai an natsu, don feritin yana da saurin fushi. Maleriya tana ɗaga shi, ciwon hanta ma haka, shan giya, kai ko ciwon sikilar ne ya tashi aka kwanta asibiti, za ka ga ya yi sama ba don ƙarfe ya ƙaru ba. Shi ya sa gwajin da aka ɗauka yaro na kan gado da zazzaɓi ba a yanke hukunci da shi, sai ya warke an yi 'yan makonni a sake. Abin da likitocin jini ke dubawa shi ne lamba ta wuce 1000 kuma ta ƙi sauka a gwaji biyu uku, musamman ga wanda ya sha leda 10 zuwa 20. Akwai kuma TSAT, gwajin ƙarfen da ke yawo a cikin jini, in ya haura kashi 45 cikin 100 ana ƙara zargin taruwa, wani lokaci har a tura hoton MRI na hanta.

Babban kuskuren da ake yi, kuma wallahi da kyakkyawar niyya ake yin sa, a ga yaro ya yi fari a ruga kemis a sayo tonik na ƙarin jini. Yawancinsu ƙarfe ne a ciki, ƙari kenan a kan abin da ya riga ya yi yawa. Folik asid da ake ba 'yan sikila daban ne, shi ba ƙarfe, a ci gaba da shi. Kar kuma a kira wanzami ya yi ƙaho wai a rage, zubar da jini magani ne na masu gadon taruwar ƙarfe, wanda aka fi samu a Turawan arewacin Turai, su jininsu a cike yake. Mai sikila maganin da ke kamo ƙarfen ya fitar ake ba shi, irin su deferasiroks na sha, kuma sai likita na bin ƙoda da hanta da gwaji.

Aikin gida: a samu littafi ɗan 20 lif, duk ranar da aka ƙara jini a rubuta kwanan wata da leda nawa. Duk gwajin feritin a rubuta lambar, a gefe a sa ko yaro na da lafiya ranar ko yana zazzaɓi. Ranar kilinik a tafi da littafin tare da kati.