Yadda Ake Gina Baka Mai Rabin Da'ira Da Jan Bulo

Yawancin yaran da na gani suna koyon gina baka a kan ƙofa, ba a kwaɓi suke faɗuwa ba, a awo ne. Baka mai rabin da'ira tsayinsa rabin faɗinsa ne, ba ƙari ba ragi. Ƙofa mai faɗin santimita 120, tsayin bakanta 60 ne daga inda ya tashi.

Da farko ka tabbata ginshiƙai biyun da ke gefen ƙofar sun bushe kuma kansu ɗaya. Baka yana tura nauyi gefe ne, don haka siririn ginshiƙi ba zai riƙe shi ba. Magabatanmu masu bakan gizo azara suke sawa a ciki ta riƙe, amma nan bulo ne ke danne ɗan'uwansa.

Sai kafinta ya yanka maka filawud biyu rabin da'ira, ya haɗa su da guntayen katako, a kansa za ka aza bulon. Tsohon katako ma ya isa, kada ka ɓata kuɗi. Amma ka ɗora shi a kan weji, wato guntun katako mai kauri a gefe ɗaya da siranta a ɗayan, bibbiyu kowane gefe. Ni na taɓa kafe nawa da ƙusa ba weji, ranar cirewa sai da guduma, bakan ya tsage ina kallo.

Yanzu lissafi. Tsawon bayan katakon nan zai kai santimita 188. Idan kaurin bulonka 6 da rabi ne, bulo 27 za su shiga, da tazarar kusan rabin santimita a ƙasa. Dole adadin ya zama mara, don ɗaya ya zauna a tsakiya cif. Ka jera su a ƙasa ba siminti, ka gani da idonka, sannan ka zana wurin kowanne da fensir a jikin katakon.

Ga inda ake asara. Ka buga ƙusa a tsakiyar layin ƙasan katakon, ka ɗaura igiya. Duk bulon da ka aza, ja igiyar ta bi gefensa. In ba ta kwanta da shi ba, cire shi. Kada ka ce ido ya isa. Kuskuren da ba ka gani a bulo na uku, a na goma zai fito, ka iso sama ka tarar gurbin na tsakiya ya karkace, ka fara cusa ɓaraguzai. Kwaɓin da ke tsakanin bulo siriri ne a ƙasa, mai kauri a sama, kusan santimita ɗaya da rabi. Ni ba na tsayar da bulo a tsawonsa a ƙaramin baka, bakin saman yana hangamewa. Gara layi biyu, ɗaya bisa ɗaya.

Ka jiƙa bulon kafin ka aza, jan bulo yana shanye ruwan kwaɓi. Siminti kwano ɗaya, yashi huɗu. Aza ɗaya dama, ɗaya hagu, har ku haɗu a sama. Na tsakiya ya shiga da ɗan matsi, kwaɓi ya cika ko'ina.

Ka riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Bayan kwana bakwai ka sassauta wejin a hankali, katakon zai sauka da kansa, ka zare shi ka cike gefunan.