Kafin ka sayi sabon furosesa, ka fara gano abin da ke cije maka gem

Ƙanena ya kawo mini kwamfutarsa a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kan ganiyarsa. Dell OptiPlex 7010 ce ta hannu, irin waɗanda ofisoshin Turai ke sallamawa, da furosesa (ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi) Core i5-3470 na shekarar 2012, ram (ma'ajiyar wucin gadi da furosesa ke aiki da ita) mai giga 8, da katin hoto (mai zana abin da ke fitowa a fuskar kwamfuta) GTX 1050 Ti da ya ƙara mata. Kukansa shi ne gem ɗin GTA V na tafiya lafiya da farko, can sai ya fara cijewa. "Yaya, i7 zan saya," in ji shi, wato furosesan da ya fi nasa ƙarfi. Na ce ya riƙe kuɗinsa tukuna mu auna. Ga yadda na bi, kai ma haka za ka bi da taka.

Ka sauke manhajar MSI Afterburner, kyauta ne, ka saita shi ya riƙa nuna maka abu huɗu a kusurwar allo kana cikin wasa: yawan hotunan da ke fita a daƙiƙa, aikin furosesa, aikin katin hoto, da zafin kowannensu. Ka buga na minti ashirin aƙalla, domin matsalar da zafi ke haifarwa ba ta bayyana a minti biyu.

Zafi nake fara dubawa, don shi ne ya fi yi mana ɓarna a nan. Furosesa in ya doshi digiri 100, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone, kai kuma ka ga gem ya soma ja da ƙafa. Alamarsa a fili take: wasa na daɗi da farko, yana lalacewa a hankali. Da muka buɗe ta ƙanena, ƙurar hunturu ta dunƙule a haƙoran ƙarfen sanyaya kamar auduga, man da ke tsakaninsa da furosesa kuwa ya bushe ƙayau. Ka cire wuta, ka hure ƙurar da bulowa kana riƙe da fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa, ka goge tsohon man da sifirit, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya. Wannan kaɗai ya kawar da rabin kukansa.

Sai ram. Sanda ɗaya ce mai giga 8 a ciki. Sanda biyu masu girma ɗaya sun fi, domin furosesa zai ɗebo bayanai ta hanya biyu a lokaci guda. Muka ƙara ɗaya irin tasa, DDR3, ya zama 16. In kuma gem ɗinka kan tsohon had disk yake, ka mayar da shi kan SSD, ma'ajiyar da ta fi had disk sauri. Ba zai ƙara yawan hotuna ba, amma tsayawar nan ta ɗan lokaci idan ka shiga sabuwar unguwa da mota a guje za ta ragu sosai.

Yanzu ne za a yi wa furosesa shari'a, kuma gwajin mai sauƙi ne. Ka tsaya a wuri ɗaya cikin gem, ka lura da yawan hotuna a girman hoto na 1080p, sannan ka sauke girman zuwa 720p. In adadin ya yi sama sosai, katin hoto ne ya gaji, furosesa ba shi da laifi. In bai motsa ba, kuma katin na aiki kashi 60 ko 70 cikin ɗari kawai, to furosesa ne ke riƙe shi. Kada jimillar aikin furosesa da Task Manager na Windows ke nunawa ta ruɗe ka. Ka sa ya nuna kowace cibiya daban, wato kowane ɓangaren furosesa mai aiki da kansa, don wani gem kan cika ɗaya taf ya bar sauran suna hutawa.

Ko da laifin ya tabbata a kansa, mazauninsa, wato gurbin da yake zama a kan babban allon cikin kwamfuta (motherboard), shi ke yanke maka iyaka. Manhajar CPU-Z za ta faɗa maka wane ne naka. Na ƙanena LGA1155 ne, kuma a wannan allon i7-3770 ne ƙarshen tafiya. Shi ma cibiya huɗu gare shi, sai dai yana tafiyar da layin aiki takwas maimakon huɗu, da ɗan ƙarin gudu, 3.4 GHz a kan 3.2 na i5 ɗin. Zai rage cijewa a wasannin da ke son layuka da yawa, amma shi ma ɗan 2012 ne. Ba shi da AVX2, wani rukunin umarnin lissafi wanda Intel ta fara sakawa a 2013, kuma akwai sababbin wasannin da ko buɗewa ba sa yi in babu shi. Windows 11 ma a hukumance daga zubi na takwas na furosesoshin Intel take karɓa, ga Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025. A ganina, in ka samu i7 ɗin da araha ƙwarai, ka ɗauka. In mai shago ya tsuga kuɗi, ka bar masa abinsa ka tara na allo da furosesa da ram sababbi gaba ɗaya.

Wanda allonsa ke da mazaunin AM4 na kamfanin AMD, shi kam ya yi sa'a. Mai Ryzen 5 1600 na 2017 a kan allon B450 zai iya ɗora Ryzen 5 5600, ya ci gaba da ram ɗinsa na DDR4, kuma bambancin a wasa babba ne. Sharaɗi ɗaya: ka duba jerin furosesoshin da kamfanin allon ya amince da su, ka sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin allon, tun tsohon furosesan yana ciki, kuma kada ka fara sai kana da wutar da ba za ta ɗauke a tsakiya ba.

Ƙanena bai sayi i7 ɗin ba. Gwajin 720p ya nuna furosesan na riƙe katin ne kawai a tsakiyar gari inda motoci da mutane suka yi yawa, sai muka rage cunkoson jama'a da nisan gani a saitin gem ɗin. Kuɗin kuma ya ajiye, yana tarawa don allon AM4.