Yadda ake tantance jerin izinin fayil a Linux kafin a ɗora shi

Duk mai rubuta manhaja da harshen C da ke son sauya izinin fayil ta hanyar ACL, wato jerin da ke fayyace wa zai karanta, wa zai rubuta, wa zai gudanar, ya kamata ya tantance jerin tukuna. Ɗakin ayyuka na libacl ya tanadi acl_valid domin wannan aiki, bisa daftari na 17 na POSIX.1e, wato tsarin tsaro da aka shirya wa na'urori irin na Unix, wanda aka janye kafin ya zama ƙa'ida amma Linux da FreeBSD suka ci gaba da bin sa.

Da farko a shigo da sys/acl.h, a haɗa manhajar da -lacl, sannan a samo jerin da acl_get_file ko a gina shi da acl_from_text. Idan aka miƙa shi ga acl_valid, zai dawo da 0 in jerin na da kyau, ko -1 tare da EINVAL, alamar kuskuren da ke nuna abin da aka miƙa bai inganta ba, in akwai aibu. Sharuɗɗan su ne a samu ACL_USER_OBJ (izinin mai fayil) da ACL_GROUP_OBJ (izinin rukunin fayil) da ACL_OTHER (izinin sauran mutane) sau ɗaya kowannensu, kuma kada lambar mutum ɗaya ko ta rukuni ɗaya ta maimaitu.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne ACL_MASK. Da zarar an ƙara wani mutum ko rukuni da sunansa, dole ne jerin ya ɗauki wannan shinge guda ɗaya, wanda ke iyakance iyakar izinin da su da rukunin fayil ɗin za su samu. Kiran acl_calc_mask zai samar da shi, amma a yi hattara, domin yana tattara dukan izinin da aka ba su ne ya maye gurbin tsohon shingen, ta yadda ƙofar da mai kula da na'ura ya rufe da gangan za ta iya sake buɗewa.

Tun da EINVAL ba ya faɗin inda matsalar take, a ganina gara a yi amfani da acl_check daga acl/libacl.h, wanda na Linux ne kaɗai, domin yana nuna irin kuskuren da gurbinsa, acl_error kuma ya mayar da shi rubutu.

A sani cewa tsarin jerin kawai ake dubawa. Ko jerin ya tsallake, acl_set_file, wanda ke ɗora jerin a kan fayil, na iya ƙi da ENOTSUP in faifan bai ɗauki ACL ba, don haka a duba amsarsa, a kuma saki ma'adanar da jerin ya riƙe ta hanyar kiran acl_free.