Yadda Kirista zai riƙe wayarsa ba tare da ta cinye masa ibada ba

Ranar Lahadi a majami'un Yamai, daga Bukoki har Harobanda, idan fasto ya ce a buɗe Romawa sura 12, waya ce mutane da yawa ke zarowa daga aljihu. Babu laifi a nan. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932, yau yana cikin ƙaramar wayar da aka saya a Babbar Kasuwa, kuma abin godiya ne. Sai dai kafin mutum ya kai aya ta 2, inda Bulus ke gargaɗi kada mu biye wa zamanin nan, saƙon WhatsApp ya faɗo a saman allo, ido kuma ya bi shi.

Da an ce waya na ɓata Kirista, hankalin mutane kan tafi ga hotunan batsa. Suna nan, ba a musu. Amma a ganina abin da ya fi yi mana ɓarna shi ne wanda ke zuwa da sunan Allah: guntun wa'azi na minti ɗaya, aya a kan hoton furanni, annabcin da aka turo daga nesa. Mutum ya wuni yana kallonsu, ya kwanta yana jin ya yi ibada, alhali bai buɗe Littafi ba, bai durƙusa ba. Ga yadda za a bi a gyara.

Fara da aunawa. Yawancin wayoyinmu da Faransanci suke, to shiga Paramètres ka nemi "Bien-être numérique", mai iPhone kuma ya nemi "Temps d'écran". Zai nuna maka awa nawa ka yi a TikTok, nawa a Facebook, nawa a WhatsApp, rana bi rana. Rubuta na mako guda a takarda, a gefe ka rubuta lokacin da ka ba addu'a da karatu. Kada ka yi wa kanka wa'azi tukuna, lissafin ya isa. A wurin nan kuma ake sa wa kowace manhaja iyakar lokaci. Sa wadda za ka iya riƙewa, domin wanda ya saba da awa 3 idan ya yanke wa kansa minti 10, kafin Laraba ya cire ta.

Na biyu, ƙwato safiyarka. Markus 1:35 ya ce Yesu ya tashi tun da sauran duhu, ya tafi inda ba kowa, ya yi addu'a. Mu a Yamai ko agogo ba mu bukata, kiran sallar asuba yana tashin unguwa duka, maƙwabcinka ya ɗauki buta ya nufi masallaci. Kai ma tashi. Wayar ta kwana nesa da shimfiɗa, inda sai ka miƙe za ka kai gare ta. In a cikinta kake karatu, sauke fassarar Hausa a manhaja irin YouVersion tun da rana, da asuba ka kashe intanet kafin ka buɗe. Kuma ka karanta sura cikakkiya. Karin Magana sura 31 ne, ɗaya kowace rana ta kai ka ƙarshen wata. Markus sura 16 ne, bai kai mako 3 ba ka gama.

Mataki na uku shi ne mai nauyi: tace masu wa'azin da kake saurare. Suna zuwa mana daga Legas, Abijan, Kinshasa da Amurka, wasu da Faransanci, wasu da Turanci, wasu an ɗora musu fassarar Hausa. A cikinsu akwai bayin Allah na gaskiya, akwai kuma ƴan kasuwa. Ayyukan Manzanni 17:11 ya yabi mutanen Biriya saboda kowace rana suna bin Nassi su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. In Bulus kansa an bi sawunsa, wane ne mai bidiyo da zai ce kada a taɓa shi?

Ga yadda ake yi a aikace. Da ya ambaci aya, tsayar da bidiyon, buɗe wurin, karanta ayoyi 10 kafin ta da 10 bayanta. Sau da yawa a nan kaɗai magana ke warwarewa. Sannan ka lura da inda wa'azin ke ƙarewa. In kullum ƙarshensa lambar tura kuɗi ce, wai ka shuka iri na jika 5 a buɗe maka hanya, ko a sayar maka da mai ko ruwan da aka yi wa addu'a, koma sura 8 ta Ayyukan Manzanni ka ga amsar da Bitrus ya ba Siman da ya kawo kuɗi don sayen baiwar Allah. Ka lura kuma da halin da yake barin ka a ciki. Akwai wanda in ka saurare shi wata guda sai ka fara zargin gwaggonka ta ƙauye ce ta ɗaure maka arziki, ka daina ɗaga wayarta. Wannan ba aikin Ruhu ba ne. Su kuwa masu cewa rubuta "Amin" ka tura wa mutum 10 kafin dare, in ba haka ba albarka ta wuce ka, goge kawai.

Yana da kyau a san yadda manhajojin ke aiki. TikTok da Facebook suna lura da abin da ka tsaya a kai, ko da don haushi ka tsaya, sai su ƙaro maka irinsa. Ba ruwansu da gaskiya ko ƙarya, zamanka suke so. Saboda haka kada ka tsaya yin gardama a ƙarƙashin bidiyon da ka ƙi. Danna shi ka riƙe, ka zaɓi cewa ba ka sha'awarsa, ka daina bin mai shi. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma wanda kake ji kowane dare, ai da shi kake zaune.

Na huɗu, riƙe yatsanka kafin ka tura. Bisa ƙidayar 2012, Kiristoci a Nijar ba mu kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma da yawa daga cikinmu muna da ƴan'uwa Musulmi a cikin gida ɗaya. Waɗanda suka ga ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, lokacin da aka ƙone majami'u a Zinder da Yamai kan zanen wata jarida ta Faransa, sun san nisan da abin da aka wallafa ke iya kaiwa. Saƙon da ke ɗauke da kibiya biyu a WhatsApp, alama ce ya bi hannaye da yawa, ba ka san tushensa ba. Bidiyon da aka ce an kashe masu bi jiya a wani gari, ƙila na wata ƙasa ne, na shekarun baya. Kira wani da ke garin, ko ka nuna wa fasto. In ba ka tabbatar ba, ya mutu a hannunka. Fitowa 23:1 ta hana baza labarin ƙarya, dokar ƙasa ta 2019 kan laifuffukan intanet ita ma tana hukunta mai yaɗa abin da zai ta da hankalin jama'a. Bidiyon zagin addinin maƙwabci kuwa, ko gaskiya ne aka yi shi, ba ka da abin yi da shi.

Daga nan sai ka nemi mutum. Mai wa'azin allo bai san sunanka ba, ba zai zo asibiti ba ranar da ɗanka ya kwanta da zazzaɓi. Zaɓi dattijo ɗaya a ikilisiya, mace ta nemi wata baba cikin zumuntar mata, ka ce: "Baba, ga lissafin wayata, ina so kowace Lahadi bayan sujada ku duba ku tambaye ni." Da nauyi a karon farko, amma yana aiki. Samari masu zaman fada su gwada tara wayoyi wuri guda har a sha shayi na uku. Iyaye kuma, dokar da aka sa wa yara ta hau kan kowa: in an ce ba waya lokacin addu'ar dare, ta maigida ce za a fara ajiyewa.