Darasi Na Tara: Yadda Tumatir Ke Gane Abokin Gaba

Tumatir ba shi da ido, ba shi da kunne, ba ya kuma iya gudu. Amma idan tsutsa ta fara cin ganye ɗaya, cikin 'yan sa'o'i sauran ganyen sun samu labari. Ta ina labarin yake shiga?

Jikin tsiro, kamar namu, an gina shi ne da ƙwayoyin halitta waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da siririn tantani. A jikin tantanin akwai wasu furotin da suka ratsa shi, kai a waje, gindi a ciki. Ku ɗauke su kamar maigadi da ya leƙa ta ƙofa: idonsa na kan titi, bakinsa na kiran mutanen gida. Ɓangaren waje shi ke kama alamar abin da ya zo. Ɓangaren ciki, wanda masana ke kira kinas, sai ya manna sinadarin fosfet a jikin wani furotin, wannan ya taɓa na gaba, har saƙo ya kai inda za a ɗauki mataki.

Umarnin ƙera waɗannan furotin yana cikin ƙwayoyin gado. A 2012 masana suka kammala karanta gadon tumatir, suka ga ƙwayoyin gado kusan 35,000. Ɗaruruwa daga ciki dangi ɗaya ne, masu wannan aiki na karɓar saƙo. Ƙirarsu kusan ɗaya ce, amma kowane da abin da yake sauraro.

Mu koma kan tsutsa. Idan ta raunata ganye, ganyen yana sakin wani ɗan ƙaramin sinadari mai suna sistemin. Clarence Ryan da abokan aikinsa suka gano shi a Amurka a 1991. Da ya manne wa mai karɓarsa, sai tsiron ya shiga haɗa wasu sinadarai da ke hana cikin tsutsa narkar da abinci. Tana ci, amma ba ta girma yadda ya kamata. Neman mai karɓar sistemin ya ba masana wahala ƙwarai. An daɗe ana zaton wani furotin ne daban, sai a 2018 aka tabbatar da na gaskiyar, aka sa masa suna SYR1. Shekara 27 ke nan ana bin sawun abu ɗaya.

Ga ƙwayoyin cuta kuwa akwai wani mai karɓar saƙo mai suna FLS2. Bakteriya da yawa suna da ɗan wutsiya da suke iyo da shi, FLS2 kuma guntun wutsiyar yake ganewa. Da ya gane, sai ganye ya rufe ƙananan ƙofofinsa na numfashi, ya ƙara wa bangon ƙwayoyinsa kauri. Tumatir yana da ƙarin wani, FLS3, mai gane wani gefen wutsiyar.

Kada ku ɗauka kullum tsiro ke nasara. Wasu bakteriya suna zuba furotin nasu a cikin ƙwayar tsiro don su toshe bakin kinas, saƙo ya mutu a hanya. Shi ya sa irin da aka ce yana jure cuta ma yakan kamu. Tuge tsiron da ya kamu da sauya gona har yanzu wajibi ne. Iri mai kyau bai ɗauke wa manomi wannan aiki ba.

Ba tsaro kaɗai dangin ke yi ba. BRI1 yana karɓar saƙon girma, kuma tumatirin da nasa ya lalace yakan tsumbure, ganyensa ya nannaɗe. Wani kuma yana zaune a kan tohon tsiro, yana ƙayyade yawan ƙwayoyin da za su zama fure. Idan wannan saƙo ya yi rauni, ɗan tumatirin yakan fito da ɗakunan 'ya'ya masu yawa, ya yi faɗi da girma.

Aikin yi: ku samo tumatir biyu, ƙarami zagayayye da babba mai faɗi. Ku yanka kowane a kwance ta tsakiya, ku ƙirga ɗakunan 'ya'yan da ke ciki, ku rubuta adadin a littafinku. Wanne ya fi ɗakuna, kuma me kuke ganin ya jawo haka?