Ga Sababbin Zuwa Amurka: Yadda Jami'o'i Ke Sauya Sheƙa a Fagen Wasanni da Abin da Ya Shafe Ku

Duk wanda ya sauka a garin da ke da babbar jami'a a Amurka cikin watan Satumba zai lura cewa ranar Asabar ba ta kama da sauran ranaku. Tituna sukan cushe tun da hantsi, mutane su fito sanye da riguna masu launi ɗaya, wurin ajiye mota kuma ya yi tsada. Dalilin shi ne wasan ƙwallon Amurka, wanda ya fi kama da zari-ruga fiye da tamaular da muka saba, kuma ɗalibai ne ke buga shi da sunan makarantarsu. Filin wasan Jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar 'yan kallo sama da 107,000. Baƙon da ya ɗauki lamarin a matsayin wasan yara zai daɗe bai fahimci maƙwabtansa da abokan aikinsa ba.

Jami'o'in da ke ƙarƙashin NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in ƙasar, sun kasu zuwa gamayya-gamayya, kuma kowace gamayya ce ke tsara wa 'ya'yanta jadawalin wasa, ta kuma sayar wa gidajen talabijin haƙƙin nuna wasanninsu, sannan ta raba kuɗin. Amurkawa suna kiran irin wannan gamayya kwanfarens, kalmar da a nan ba ta nufin taron ƙara wa juna sani. A da, maƙwabtaka ce ke haɗa su: Big Ten ta tsakiyar ƙasar ce ta wajen manyan tafkuna, SEC ta kudu maso gabas, ACC ta gaɓar Atilantika, Pac-12 kuma ta gaɓar yamma. Wannan tsari ya rushe a 'yan shekarun nan, har ta kai sunayen ba su ƙara faɗin gaskiya ba. Big Ten, wadda sunanta ke nuna goma, tana da jami'o'i 18 tun daga 2024, Big 12 kuma tana da 16.

Tushen al'amarin yana komawa zuwa 1984, lokacin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a ƙarar da jami'o'in Oklahoma da Georgia suka shigar, ta ƙwace wa NCAA ikon riƙe cinikin talabijin na ƙwallon ita kaɗai. Daga nan kowace gamayya ta shiga kasuwa da kanta, kuma darajarta ta koma kan yawan gidajen da ke kallon wasanninta. Abin da ya kai Maryland da Rutgers cikin Big Ten a 2014 ke nan, domin sun buɗe mata kasuwannin Washington da New York. A watan Yuli na 2021 Texas da Oklahoma suka bayyana cewa za su bar Big 12 zuwa SEC. A ƙarshen Yuni na 2022 USC da UCLA, duka biyun a Los Angeles, suka ce za su bar Pac-12 su koma Big Ten, kuma bayan 'yan makonni gamayyar ta ƙulla yarjejeniyar shekara 7 da Fox da CBS da NBC a kan kuɗi sama da dala biliyan 7.

Wadda ta sha kashi ita ce Pac-12, gamayyar da asalinta ke komawa zuwa 1915. Da ta kasa samo cinikin talabijin mai gamsarwa, 'ya'yanta suka watse a cikin 2023: Oregon da Washington suka bi sahun USC da UCLA, Colorado da Arizona da Arizona State da Utah suka nufi Big 12, Stanford da Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley kuma suka shiga ACC, wato jami'o'in da ke kusa da tekun Fasifik suka zama 'ya'yan gamayya mai sunan Atilantika. Oregon State da Washington State ne kawai aka bari riƙe da suna, suka shiga farauto sababbin abokai irin su Boise State da Fresno State da San Diego State domin farfaɗo da ita a 2026. Idan kun sauka a garuruwan Corvallis ko Pullman, mazaunan Oregon State da Washington State, ku sani cewa maganar nan ciwo ce a zukatan mutanen wurin, saboda haka a taɓa ta da tausasawa.

Abu na farko da nake so iyaye da ɗalibai su riƙe shi ne cewa gamayyar wasa ba ma'aunin ingancin karatu ba ce. Sauya sheƙa ba ya ƙara wa digiri daraja, ba ya kuma rage masa, domin hukumomin da ke tantance ingancin jami'o'i daban suke, ba ruwansu da jadawalin ƙwallo. Akwai dai ɗan amfani a wasu wurare, kamar haɗin gwiwar ilimi na jami'o'in Big Ten, inda ɗalibi kan iya aro littafi daga ɗakin karatun wata jami'ar. Amma wanda zai zaɓi makaranta ya dubi sashen da zai yi karatu, da malaman da ke cikinsa, da tsadar haya a garin. Ita kanta Ivy League da ake ambata da girmamawa, asalinta gamayyar wasanni ce ta jami'o'i 8, kuma ba ta bayar da tallafin karatu saboda wasa.

Inda lamarin ya fi damuna shi ne kan yaranmu da ke samun gurbin karatu ta hanyar ƙwallon kwando ko guje-guje ko tamaula. Hanyar ta daɗe a buɗe ga 'yan Afirka. Ta ita ɗan ƙwallon kwandon nan Hakeem Olajuwon ya baro Legas ya yi suna a Jami'ar Houston, wadda ita ma ta shiga Big 12 a 2023. Sai dai an yi waɗannan sauye-sauye ne da lissafin ƙwallon Amurka, wadda ake bugawa sau ɗaya a mako kuma wasannin kaka ba su cika wuce 12 ba kafin zagayen ƙarshe. Ɗan ƙwallon kwando ko 'yar ƙwallon raga kuwa suna buga wasanni da yawa, wasu a tsakiyar mako. Tsakanin Los Angeles da harabar Rutgers a New Jersey akwai tazarar kusan kilomita 3,900 da bambancin agogo na awa 3. Yaron da ya yi wannan tafiya ya dawo da tsakar dare, sannan ya shiga aji da safe, shi ne ke biyan farashin cinikin da ba a shawarce shi a kansa ba, kuma a ganina an yi wa irinsa rashin adalci.

Saboda haka, kafin a sa hannu a kowace takarda, a tambayi kocin da ofishin da ke kula da karatun 'yan wasa tambayoyi a fili. Kwana nawa ƙungiyar ke yi a kan hanya a zangon karatu ɗaya, kuma jirgin shata suke hawa ko na haya da kowa ke shiga? Wane tanadi aka yi wa wanda tafiya ta ci masa jarrabawa? Tallafin na shekara ɗaya ne da ake sabuntawa, ko na tsawon karatun gaba ɗaya, kuma me zai faru idan yaron ya ji rauni ko kocin ya bar aiki? Ga iyali Musulmi, ya dace a yi maganar abincin halal a lokacin tafiya da azumin Ramadan tun da wuri, domin irin wannan buƙata ta fi samun karɓuwa idan an gabatar da ita kafin a fara kaka.

Akwai kuma batun kuɗi, wanda ke buƙatar taka-tsantsan ƙwarai. Tun daga 1 ga Yuli, 2021, an ƙyale 'yan wasan jami'a su sami kuɗi ta hanyar talla da sunansu da hotonsu, kuma bayan sulhu tsakanin NCAA da 'yan wasan da suka kai ta ƙara, wanda kotu ta amince da shi a Yunin 2025, an ba kowace babbar jami'a da ta shiga tsarin damar raba wa 'yan wasanta kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Ɗalibin da ya shigo da bizar F-1 ba a kan ƙafa ɗaya yake da abokin wasansa ɗan ƙasa ba, domin bizarsa ta taƙaita masa aiki, galibi a cikin harabar makaranta kuma bai wuce awa 20 a mako ba lokacin karatu. Kada yaro ya karɓi ko sisi daga hannun mai talla ko dillali sai ya fara zuwa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arsa, in da hali ya ga lauyan shige da fice, saboda kuskure ɗaya na iya jefa izinin zamansa cikin haɗari.

Ga waɗanda ba su da ɗa a filin wasa kuwa, sauyin zai iske ku ta wata fuskar. Wasannin ƙungiya ɗaya yanzu sun warwatsu a tashoshi da manhajojin kallo daban-daban, saboda haka kada ku yi gaggawar biyan kuɗin wata-wata kafin ku duba inda ake nuna gamayyar garinku. Ku nemi jadawalin wasannin gida tun farkon kaka, ku tsara cefane da zuwa asibiti da tarbar baƙi daga filin jirgi a kansa. Idan abokin aiki ya gayyace ku walimar da ake yi a wuraren ajiye motoci kafin wasa, ku sani cewa giya da naman alade sukan yawaita a can, kuma ba abin kunya ba ne mutum ya je da abincinsa, ya gaisa, ya bayyana abin da ba ya ci. Masu tuƙin motar haya da ke da izinin aiki su ma su lura da ranakun da baƙi daga nesa ke shigowa, domin magoya bayan da a da ke zuwa da motocinsu daga jihar maƙwabta yanzu da yawansu ta jirgi suke sauka, kuma sukan kwana biyu a garin.