Folifenol da Zaren Aktin: Inda Masu Gwaji Suka Fi Yin Tuntuɓe

Aktin furotin ne da ke harhaɗuwa ya zama zaruruwa masu kaurin nanomita 7 a cikin ƙwayar halitta. Su ke riƙe mata siffa, da su take motsi, da su take rabuwa. Sinadaran tsirrai na folifenol, irin su EGCG na koren shayi da kwasetin na albasa da kurkumin na kurkum, suna iya taɓa wannan tsari. Sai dai ba duk canjin da aka gani a ƙarƙashin madubi ba ne aikinsu.

Babban kuskure shi ne mantawa da ruwan rainon ƙwayoyin. Idan aka zuba EGCG a ruwan raino na DMEM, yakan haɗu da iskar oksijin ya haifar da haidurojin feroksaid, wanda shi kaɗai ya isa ya wargaza aktin. Sai mai bincike ya ga zaruruwa sun tsinke, ya yi ta murna, alhali feroksaid ne ya yi ɓarnar. A maimaita gwajin da katales, mai rusa feroksaid. In canjin ya ɓace, to dama ba na EGCG ba ne.

Sai yawan abin da ake zubawa. Ana sa maikiromola (ma'aunin yawan sinadari a cikin ruwa) 50 ko 100 a faranti, amma bayan shan shayi EGCG da ke jini yawanci bai kai 1 ba. Kwasetin kuwa hanji da hanta sun riga sun sauya masa kama kafin ya zagaya jiki. A ganina, sakamakon da bai bayyana a ƙaramin awo ba bai cancanci a danganta shi da lafiyar mutum ba. Ƙari a kan haka, awo mai yawa na kashe ƙwayar, kuma mai mutuwa takan dunƙule ko me ya kashe ta. A fara auna nawa suka rayu.

Wajen rini ma ana tafka kuskure. Kurkumin na fitar da koren haske, don haka a zaɓi faloyidin (rinin da ke kama zaren aktin don a gan shi) mai jan haske, don kada hasken biyu su cakuɗe. Kada a kafe ƙwayoyin (wato a daskarar da siffarsu kafin rini) da metanol, yana hana faloyidin kama zaren; farafomaldihaid kashi 4 cikin ɗari ya fi.

Auna jimillar aktin kuma ba ya nuna komai sosai, domin sau da yawa ba ta canzawa. A kwatanta wanda ya zama zare da wanda ke warwatse, sannan a duba RhoA da kofilin, furotin biyu masu sarrafa haɗuwa da warwatsewar zaren. Farantin kwatance, wanda ba a zuba wa folifenol ba, shi ma a sa masa DMSO, ruwan da ake narkar da sinadaran a ciki, daidai da na sauran.